Sunayen Unguwanni da Titunan Jalingo a Matsayin Shaidar Tarihin Mallakar Ƙasa

1.0 Gabatarwa

Manazarta harshe sun daɗe da lura cewa sunan wuri ya fi mutanen da suka raɗa shi tsawon rai. Gida yakan rushe, gona ta koma fuloti, zuriya ta watse, amma sunan yana nan a bakin direbobi da 'yan kasuwa waɗanda ba su taɓa tambayar asalinsa ba. Wannan ne ya sa ake ɗaukar sunayen unguwanni da tituna a matsayin wata taska ta tarihi, musamman a garuruwan da rubutattun bayanai game da rabon filaye suka yi ƙaranci. Wannan maƙala ta dubi sunayen da ake samu a Jalingo, babban birnin jihar Taraba, da kuma unguwannin da suka tsiro a gefensa, domin gano abin da suke faɗa game da yadda aka riƙe ƙasa tun kafuwar garin.

Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, sunayen Jalingo shaida ce mai ƙarfi a kan wanda ya riƙe iko a kowane zamani, amma shaida ce mai rauni a kan wanda ya fara zama a wuri ko wanda ya mallake shi. Bambancin nan ba ƙarami ba ne. A garin da farashin fili ke hauhawa, kuma ake yawan kafa hujja da suna a gaban mai unguwa ko alƙali, rikita waɗannan abubuwa biyu yakan jawo asarar gona, wani lokaci ma har da asarar rai.

2.0 Kafuwar garin

Jalingo na zaune ne a gindin duwatsun Shebshi, kimanin kilomita 40 kudu maso gabas da kogin Binuwai. Idan aka kwatanta shi da biranen ƙasar Hausa irin su Kano da Katsina, gari ne na jiya jiya. Masarautar Muri wadda yake zaman hedkwatarta ta girme shi da fiye da shekara saba'in, domin a 1817 ne Hammaruwa, ɗan'uwan Buba Yero na Gombe, ya kafa ta, kuma a 1833 ta fita daga ƙarƙashin Gombe ta koma bin Sakkwato kai tsaye. Garin Muri na asali yana arewacin Binuwai ne. Ƙasar da ke kudancin kogin, inda Jalingo take a yau, mazaunin wasu al'ummu ce, waɗanda suka haɗa da Jukunawan Kona da Mumuye.

Kona, waɗanda ke kiran harshensu Jibə, suna da gari da sarki tun kafin jihadi, kuma C. K. Meek ya yi bayaninsu a cikin littafinsa kan Jukunawa na 1931. Sun daɗe suna turje wa sarakunan Muri. Abin da ya sauya al'amarin shi ne zuwan wani hafsan sojan ruwa na Faransa, Louis Mizon, wanda ya hauro Binuwai a 1892 da jiragen ruwa biyu, yana neman gindin zama ga ƙasarsa a yankin da kamfanin Royal Niger na Ingilishi ke da'awar nasa ne. Mizon ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Muri Muhammadu Nya, wanda ya yi sarauta daga 1874 zuwa 1896, sa'an nan ya taimaka masa da igwa wajen cin garin Kona a ƙarshen 1892, aka kama mutane da yawa bayi. A shekarar da ta biyo baya, wato 1893, aka kira Mizon gida saboda ƙorafin Ingilishi, shi kuwa Muhammadu Nya ya kafa sansani a kusa da Kona. Wannan sansani ne ya zama Jalingo, daga baya kuma gadon sarautar Muri ya tabbata a cikinsa.

Ke nan garin ya faro ne a matsayin sansanin yaƙi a kan ƙasar da aka ci. Duk wani nazari na sunayensa dole ya fara daga nan.

3.0 Gurbin Fulatanci: gari da ruwa

Sunan garin kansa Fulatanci ne, kuma ƙirarsa tana da ban sha'awa. Saiwar ita ce jaal-, mai ɗauke da ma'anar rinjaye ko cin nasara. Ɗafa-ƙeyar -ngo kuwa alamar ajin suna ce. A Fulatanci kowane suna yana da ajinsa, kuma sifa ko sunan aiki da ke bayyana shi dole ya ɗauki alamar wannan aji. Kalmar wuro, wato gari ko mazauni, tana cikin ajin ngo. Saboda haka sunan Jalingo taƙaitaccen zance ne wanda aka shafe kansa: garin da ya yi rinjaye. Mai jin Fulatanci yana jin kalmar wuro a ciki ko da ba a furta ta ba, Bahaushe kuwa yana jin suna ne kawai wanda ba ya rarrabuwa. Akwai wani gari mai wannan suna kusa da Garwa a ƙasar Kamaru, inda ake rubuta shi Djalingo bisa ƙa'idar Faransanci, abin da ke nuna cewa sunan wani tsari ne da Fulanin Fombina suka saba da shi.

Irin wannan suna ba ya bayyana siffar wuri, kamar yadda Tudun Wada ko Dutsin Ma suke yi. Sanarwa ce ta wanda ya ci yaƙi.

Baya ga sunan garin, Fulatanci ya fi kama sunayen ruwa da na ƙananan mazaunai. Dubi waɗannan misalai daga Jalingo da ƙaramar hukumar Ardo Kola da ke maƙwabtaka da ita:

(1) Lamurde, Mayo Gwoi, Mayo Dassa, Mayo Ranewo
(2) Wuro Sembe, Jauro Yinu, Ardo Kola

Lamurde shi ne kogin da ya ratsa garin. Kalmar laamorde ta fito daga saiwar laam- ta sarauta, wadda ta ba da laamiiɗo, tare da ɗafa-ƙeyar -rde mai nuna wurin da ake yin abu, kamar a juulirde 'masallaci' da janngirde 'makaranta'. Ma'anarta mazaunin sarauta, kuma ana samun ta a matsayin sunan wuri tun daga jihar Adamawa har zuwa birnin Yamai. Abin lura a nan shi ne kogin ya girmi sarautar da dubban shekaru, kuma babu shakka waɗanda suka sha ruwansa kafin 1893 suna da abin da suke kiransa, amma sunan da ya shiga taswira shi ne na fadar da aka gina a gefensa. Maayo kogi ne ko rafi, Mayo Ranewo kuwa farin kogi. Jawro mai gari ne, arɗo kuma jagoran wani rukunin makiyaya.

Tsarin waɗannan harɗaɗɗun sunaye ya bambanta da na Hausa. Fulatanci yana jera kai da mai bayyana shi ba tare da mahaɗi ba, Hausa kuwa tana buƙatar -n ko -r, kamar a Kogin Gwoi ko Garin Sembe da za a ce in da Bahaushe ne ya raɗa. Rashin mahaɗin wata alama ce da manazarci zai iya dogara da ita wajen gane harshen da suna ya fito, ko da an rubuta shi da ƙa'idar Hausa.

Akwai kuma sunayen da ba su da ma'ana a Hausa ko kaɗan, irin su Nukkai da Nyamusala da kashi na biyu na Mayo Gwoi. Tsarin sautinsu ma ya isa shaida. Daidaitacciyar Hausa ba ta fara kalma da ny, kuma tagwan wasalinta biyu ne, ai da au, babu oi. Masu Jibə da Mumuye da Fulatanci su ne ke da hurumin fassara irin waɗannan sunaye, kuma ayyukan Kiyoshi Shimizu kan harsunan Jukun da karorin Mumuye, da na Anne Storch kan Jukunancin arewa, sun share fagen wannan aiki. A cikin sunaye masu kashi biyu, kashi na biyun ne ya fi cancantar a sa wa ido, domin sabon mai iko yakan kawo kalmarsa ta kogi ko ta gari ya ɗora a kan sunan da ya tarar.

4.0 Unguwannin masu sarauta

Shaida mafi bayyana a kan asalin garin tana cikin jerin mazaɓun ƙaramar hukumar Jalingo. Guda goma ne, ga tara daga cikinsu:

(3) Barade, Kachalla Sembe, Majidadi, Sarkin Dawaki, Sintali, Turaki A, Turaki B, Abbare Yelwa, Kona

Bakwai daga cikin goman sunayen sarautu ne, kuma galibinsu sarautun yaƙi ne ko na hidimar jikin sarki. Barade jam'in barde ne, wato mayaƙan kan doki, kuma kalmar ta zama sarauta a masarautu da dama. Sarkin Dawaki shi ne shugaban rundunar dawaki. Kacalla sarauta ce da aka aro daga Barno, inda take ta shugabannin mayaƙa, galibi bayin sarki. Majidaɗi na kusa da sarki ne, mai shiga inda wasu ba su shiga. Sintali ko shantali asalinsa butar ƙarfe ce, sa'an nan sunan ya koma kan bafaden da ke riƙe da ita. Turaki kuwa tsohuwar sarautar fada ce da aka sani a Kano da Zazzau da sauran wurare. Wanda ya karanta wannan jeri tamkar yana kallon yadda ake sauka a sansani ne: sarki a tsakiya, kowane shugaban runduna da bafade ya kafa nasa zango da jama'arsa, zangon kuma ya ɗauki sunan sarautar mai shi.

Abubuwa biyu ne suka cancanci tsokaci a nan. Na farko, sarautun nan ba na Fulatanci ba ne, duk da cewa gidan sarautar na Fulani ne. Hausa ce da Barbarci. Wannan ya yi daidai da abin da aka sani a sauran masarautun daular Sakkwato, inda shugabannin jihadi suka gaji tsarin sarautun da suka tarar a ƙasar Hausa da Barno. Saboda haka samun sunan Hausa a kan unguwa a Jalingo ba ya nufin Hausawa ne suka kafa ta. Hausa a nan harshen ofis ce, kamar yadda Ingilishi ya zama daga baya.

Na biyu shi ne ƙirar sunayen. A tsofaffin biranen Hausa, unguwar mai sarauta takan ɗauki ɗafa-ƙeya. A Kano akwai Galadanci, daga Galadima, a Sakkwato kuma akwai Giɗaɗawa, daga Waziri Giɗaɗo, inda -anci ke nuna wuri ko yanki, -awa kuma ke nuna jama'a ko zuriya. A Jalingo sunan sarautar ne tsurarsa, an shafe kalmar unguwar da ke gabansa. Ana iya fahimtar wannan ta fuskar shekaru, domin ɗafa-ƙeya irin ta Galadanci alama ce ta sunan da ya daɗe yana gogewa a bakin masu harshen na asali. Amma akwai wata fuska da ta shafi ƙasa kai tsaye. Suna mai -awa yana jingina wuri ga zuriya, sunan sarauta tsura kuwa yana jingina shi ga muƙami, muƙami kuma na sarki ne, yana ba wanda ya so, yana karɓewa. Mutumin da kakansa ya sauka a unguwar Turaki bai samu fili don shi jinin Turaki ba ne, ya samu ne don Turakin wannan lokaci ya nuna masa inda zai kafa bukka.

Mazaɓa ɗaya tak ce ke ɗauke da sunan al'ummar da aka tarar, wato Kona. A taswirar mulki ta yau, masu tsohon gari sun zama kashi ɗaya cikin goma na sansanin da aka kafa dominsu. Ya kamata a yi hattara da wannan suna ta wata fuskar kuma: akwai unguwar Kona a cikin birnin Zariya, wadda ta shahara da malamai, kuma kamancin lafazi kaɗai bai isa ya haɗa wuraren biyu ba. Wannan tarko ne da masu neman asali ta hanyar suna suke yawan faɗawa.

5.0 Mulki da mallaka

Wace irin riƙo ce wannan da masu sarauta suka yi wa unguwanninsu? A nan ne harshen Hausa kansa yake kawo ruɗani. Kalmomin mulki da mallaka duk daga saiwar Larabci ɗaya suka fito, wato m-l-k. Kalmar ƙasa kuma tana ɗaukar turɓaya, da gona, da gunduma, da ƙasa mai tuta. Idan aka ce ƙasa ta sarki ce, zancen yana iya nufin sarki ne ke mulkin yankin, yana kuma iya nufin shi ne mai kowace gona da ke ciki. Talakawa da malamai sun fi fahimtar ma'ana ta farko, amma duk mai son ƙwace fili ya san amfanin ta biyu.

Malaman jihadi ba su bar wannan batu a duhu ba. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi musamman a kansa, Ta'alimur Radi, inda ya bi hanyoyin da mutum ke keɓanta da ƙasa bisa mazhabar Malikiyya. A wannan mazhaba, ƙasar noma da aka ci da yaƙi tana zama wakafi ga jama'ar Musulmi, shugaba yana kula da ita, ba ta zama dukiyarsa ta kansa ba. Ƙasar da mutanenta suka yi sulhu tana nan a hannunsu bisa sharuɗɗan sulhun. Matacciyar ƙasa, wato dajin da babu mai shi, tana zama ta wanda ya raya ta da sara ko gini ko haƙa rijiya. Shugaba yana da ikon yanka wa mutum yanki, yana kuma da ikon keɓe hurumi don amfanin kowa. Wani abin sha'awa shi ne, Baturen da ya fitar da taƙaitaccen Muhtasar na Halil da Ingilishi a 1916 domin amfanin jami'an mulkin mallaka, F. H. Ruxton, ya yi Razdan a lardin Muri.

Matsalar ita ce waɗannan rukunai suna da sauƙin rarrabewa a littafi fiye da a daji. Gonar da manomin Kona ko Mumuye ya bar ta ta huta shekara biyar, a idonsa saura ce, tana da mai ita. A idon baƙon da ya zo da izinin bafade kuwa daji ne. Hausa tana da kalmomin da ke rarrabe waɗannan matakai, sunƙuru ga dajin da ba a taɓa sarewa ba, saura ga gonar da aka bari, kufai ga mazaunin da aka tashi, amma babu ɗaya daga cikinsu da ke barin alama a taswira. Haka nan hanyoyin da fili ke sauya hannu, gado da saye da kyauta da aro da jingina da haya, duk da baki ake ƙulla su a gaban shaidu. Aro ne ya fi kowanne haɗari. Idan wanda ya ara ya shekara talatin a wuri, ya dasa mangwaro, aka fara kiran wurin da sunansa, to jikokinsa za su kafa hujja da sunan, jikokin mai bayarwa kuwa ba su da komai sai labari.

6.0 Fegi da fuloti

Zuwan Turawa ya kawo sabon harshe na ƙasa. Bayan kwamitin da ya zauna a Landan a 1908 kan filayen Nijeriya ta Arewa, a zamanin Gwamna Percy Girouard, an kafa dokar filaye ta 1910, aka sake fasalinta a 1916. Dokar ta sa dukkan ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna, ya riƙe ta don amfanin 'yan ƙasa, kuma abin da mutum zai iya samu shi ne haƙƙin zama da amfani. Turawan sun kafa hujja da cewa sun gaji ikon da sarakunan Fulani suka samu da yaƙi, wato sun zaɓi ma'ana ta biyu ta zancen nan na ƙasa ta sarki ce. Dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962 ta ci gaba a kan wannan turba.

Kalmomin da suka shigo Hausa a wannan zamani suna nuna irin sauyin da aka samu. Safiyo, fuloti, layi, kwata, duk daga Ingilishi suke. Titi ma daga can ta samo asali, ta biyo ta Yarbanci. Mafi ban sha'awa ita ce fegi, wadda asalinta turken da ma'aunin ƙasa ke kafawa ne a kusurwar fili, sa'an nan ma'anarta ta faɗaɗa ta koma filin gaba ɗaya. Kafin wannan, iyakar gona itace ce ko kunya ko rafi, abin da maƙwabta suka sani. Bayan fegi, iyaka ta koma lamba a cikin fayil. Hausa tana da hanya da gwadabe da turba da lungu tun da can, ta kuma aro burtali daga Fulatanci, amma duk waɗannan ƙafa ce ke fitar da su. Titi da layi kuwa a takarda ake fara zana su kafin a taka.

A Jalingo akwai Sabon Gari, akwai kuma Sabon Layi. Sunan farko yana da tarihi na musamman a Arewa. A Kano an keɓe Sabon Gari a 1913, jim kaɗan bayan isowar jirgin ƙasa, domin ma'aikata da 'yan kasuwa baƙi waɗanda ba a so su zauna ƙarƙashin shari'ar sarki. An yanka shi fuloti fuloti a kan layuka miƙaƙƙu, kuma sai a 1940 aka mayar da shi hannun hukumar gargajiya. Titunansa sun adana sunayen garuruwan da mazaunansa suka fito, irin su Abeokuta da Aba da Warri, da kuma na shugabannin unguwar na zamanin Turawa. Titin France ba ƙasar Faransa yake nufi ba, sunan G. E. France ne, haka kuma Ballat Hughes gurɓataccen lafazin T. P. Barlatt-Hughes ne. Wannan misali ya nuna yadda suna ke saurin rabuwa da mai shi, har a unguwar da aka kafa da takarda.

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Jalingo ba, kuma garin bai zama hedkwatar lardi ba. Lardin Muri daga Ibi ake gudanar da shi, da aka rushe shi a 1926 kuma sashen Muri ya koma lardin Adamawa, ana bin Yola. Don haka kuskure ne a ɗauki tarihin shari'a na Sabon Garin Kano a ɗora wa kowace unguwa mai wannan suna. Harɗaɗɗen sunan ya riga ya zama kalmar gama-gari a Hausa, ana raɗa shi ga duk wani sabon mazauni a gefen tsoho. Haka Yelwa, daga yalwa, suna ne na fata da ake samu daga Yawuri har Bauci. Magami kuwa, wata babbar unguwa a Jalingo, suna ne na wuri mai ɗafa-goshin ma- a kan aikatau gama, wato inda abubuwa biyu suka haɗu. Sunaye irin waɗannan su ne gurbin Hausa na biyu a garin. Ba daga fada suka fito ba, daga kasuwa da tasha suka fito, inda Hausa ta zama harshen da Mumuye da Jukun da Fulani da Tibi da Ibo suke haɗuwa a cikinsa. Ba su faɗin ƙabilar kowa.

7.0 Bayan 1991

Jalingo ta zauna a matsayin garin sarki da hedkwatar ƙaramar hukuma a ƙarƙashin jihar Arewa maso Gabas daga 1967, sa'an nan jihar Gongola daga 1976. A ranar 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta raba Gongola gida biyu, Jalingo ta wayi gari babban birnin jihar Taraba. Ma'aikatu da gidajen ma'aikata da barikoki duk suna buƙatar fili, kuma babu inda za a same shi sai gonakin da ke kewaye. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum kusan 140,000, kuma gine-gine sun ci gaba da bin manyan hanyoyin Yola da Wukari har suka shiga ƙasar Ardo Kola.

Sunayen wannan zamani iri biyu ne. Akwai na hukuma, irin su Hammaruwa Way da Barde Way da Palace Way, masu bin tsarin Ingilishi inda suna ke gaba, kalmar hanya na biye, saɓanin Titin Hammaruwa da Bahaushe zai ce. Na farkon yana tunawa da wanda ya kafa masarautar, mutumin da ya rasu shekara sittin kafin a kafa garin. Na biyun kuwa yana da fuska biyu ga mai sauraro, domin barde sarauta ce, kuma Barde sunan gwamnan farar hula na farko ne na jihar Gongola, Alhaji Abubakar Barde, wanda ya hau mulki a 1979. Sa'an nan akwai sunayen da babu wanda ya zauna ya raɗa su, irin su Mile Six da Road Block da ATC. Na farko nisa ne a kan hanya, na biyu shingen jami'an tsaro, na uku kuma taƙaitaccen sunan kwalejin horon malamai. A waɗannan wurare alamar gwamnati ce ta zama suna, ta kuma danne duk abin da manoman wurin ke kiransa. Sunayen ruwa su ma sun koma sunayen unguwanni, har mai sayen fili ya manta cewa Mayo kogi yake nufi. Ambaliyar watan Agusta 2005, wadda ta karya gadar Nukkai ta kuma ci rayuka, ta tuna wa mutane ma'anar kalmar.

Dokar da ke aiki a kan duk wannan ita ce dokar amfani da ƙasa ta 29 ga Maris 1978, wadda gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, aka kuma kare ta a cikin tsarin mulkin 1979 da na 1999. Ta damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Gwamna ne ke ayyana yankin da ya zama birni, shi ne kuma ke ba da fili a cikinsa. A karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin zama na gargajiya, har zuwa hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo ba tare da neman yardar gwamna ba. Gwamna yana iya soke haƙƙin kowa saboda bukatar jama'a, kuma diyyar da doka ta tanada ta gini ce da shuka da sauran abin da aka kashe wa wurin, ba ta ƙasar kanta ba. Ga manomin da ke bakin gari, wannan yana nufin ranar da layin birni ya tsallake gonarsa, hukumar da ke da ta cewa a kanta ta sauya, ko da shi bai motsa ba. Inda gona da burtali da fuloti suka haɗu a wuri guda kuwa, rikici ba ya nisa, kamar yadda aka gani a 2019 a ƙauyukan Kona da ke gefen Jalingo da Ardo Kola, inda aka yi asarar rayuka da gidaje tsakanin manoma da makiyaya.

A nan ma fassara tana da hannu. Takardar da gwamna ke bayarwa, wadda jama'a ke kira C of O, a Ingilishi shaidar zama ce, kuma galibi wa'adinta shekara 99 ne. Amma a rediyo da jaridun Hausa takardar shaidar mallaka ake ce mata. Mai riƙe da ita yana jin kalmar mallaka ya ɗauka ya samu abin da fiƙihu ke nufi da ita, wato dukiyar da babu wa'adi a kanta. Wanda ya gaji gona daga kakanni ba tare da takarda ba kuwa, yana jin kalmar ya fahimci cewa an ce shi ba mai mallaka ba ne, alhali doka ta amince da riƙon da ya tarar. Da an ce takardar izinin zama, ko takardar haƙƙin riƙo, da fassarar ta fi kusa da nassin dokar, da kuma ta sa masu takarda da masu gado a kan mizani ɗaya, tun da a ƙarƙashin dokar 1978 dukkansu masu riƙo ne a hannun gwamna.

A sababbin unguwannin bayan gari, inda hukuma ba ta riga ta kafa allon suna ba, tsohuwar al'ada ce ke ci gaba. Layi yakan ɗauki sunan wanda ya fara gini a kansa, ko na masallaci ko coci ko injin niƙa da ke bakinsa. Mutumin da ya sayar da gonar, wanda iyayensa suka sare ta, ba ya cikin waɗanda ake kiran layin da sunansu, domin a ranar da aka kafa fegi shi ya riga ya koma noma a wani wuri mai nisa da titi.